Ido Ba Mudu Ba: Nazari a Kan Zanen Maginan Zariya da Yadda Gani Ke Aiki

I

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. Galibi a kasuwa a ke jin wannan karin magana, sa'ad da mai saye ya dubi tarin hatsi ya yanke masa kuɗi. Amma idan aka tsaya aka yi masa kallon tsanaki, za a ga ya ɗauko wata gaskiya wadda masana aikin ido suka daɗe suna wahala kafin su tabbatar da ita. Watau ido ba ya auna yawan hasken da ya shige shi kamar yadda mudu ke auna gero. Abin da ya ke yi shi ne gwada wannan da wancan, ya ce nan ya fi can haske, nan ne iyakar wannan, can ne mafarin wancan.

Manufar wannan takarda ita ce a ɗauki wannan gaskiya a auna zanen bango na maginan Zariya da ita. Dalili kuwa, an daɗe ana yi wa wannan sana'a rashin adalci iri biyu. Waɗansu sun ce ado ne kawai, ba ya buƙatar tunani, ba kamar zanen da a ke koyarwa a makaranta ba. Waɗansu kuma suna yabonsa, amma yabon nasu bai wuce tsufansa da kasancewarsa gadon iyaye ba. Duka biyun ba su dubi aikin kansa ba. Abin da za a nuna a nan shi ne, magini na gaske ba yumɓu kaɗai ya ke sarrafawa ba, har da inuwa, kuma ƙwarewarsa ta dogara ga sanin abin da idon mai kallo zai ƙarasa masa. Wanda bai gane haka ba, ko da niyyar gyara ya zo, ɓarna zai yi.

II

Tun wajen ƙarni na 11, Ibn al-Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira, inda ya kafa hujja cewa haske ne ke fitowa daga abu ya shiga ido, ba ido ne ke aika haske waje ba. Ya kuma ce shigar haske kaɗai ba ta isa gani ba, sai hankali ya gwada, ya tuna, ya yanke hukunci, cikin saurin da mutum ba ya ko lura. Binciken zamani ya gaskata shi, ya kuma nuna inda a ke wannan aiki.

A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyi masu jin haske kimanin miliyan 100. Amma jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, zarenta bai wuce kimanin miliyan 1 ba. Ke nan dole ido ya tace labari kafin ya aika. To, me ya ke zubarwa, me ya ke riƙewa? A 1953 Stephen Kuffler ya nuna, ta hanyar gwaji a idon kyanwa, cewa ƙwayoyin da ke aika saƙon nan ba su cika damuwa da fili mai haske bai ɗaya ba. Suna motsawa ne sosai idan tsakiyar inda su ke tsaro ya bambanta da kewayensa. A 1959 kuma David Hubel da Torsten Wiesel suka gano cewa a sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya akwai ƙwayoyi waɗanda ba sa amsawa sai sun ga layi ko gefen abu, kuma kowace da irin karkatar da ta ke so: wata tsaye, wata kwance, wata a gicciye. An ba su kyautar Nobel a kan wannan aiki a 1981. Taƙaitaccen bayani shi ne, abin da ido ya fi kai wa ƙwaƙwalwa shi ne iyaka, watau inda haske ya ƙare duhu ya soma.

Malamin Hausa ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin haka kunne ke yi da karin sauti. Baba na uba, da baba ta uwa, da baba na rini, kari da tsawon wasali ne suka raba su. Amma babu wani tsayayyen ma'auni na murya da za a ce daga nan karin sama ya fara. Yaro mai siririyar murya da dattijo mai kauri duk suna faɗin kalmar a gane. Har ma a cikin doguwar jimla ta bayani, murya tana gangarowa mataki mataki, ta yadda karin sama na ƙarshen jimla zai iya zama ƙasa da karin ƙasa na farkonta, amma ba Bahaushen da ke ruɗewa. Kunne yana gwada kowace gaɓa ne da maƙwabciyarta. Haka ido: baƙar riga a tsakar rana tana mayar da hasken da ya fi na farar riga a cikin ɗaki da almuru, amma ba wanda zai kira ta fara.

III

In an riƙe wannan, sai a shiga Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 an kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna shi ya zana tsarinsa, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Abin da masu rubutu suka fi yabawa a ginin nan shi ne bakan gizo, watau yadda aka ɗaura azara bisa azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, aka lulluɓe da ƙasa, har ginshiƙi ya tanƙwaro ya sadu da ɗan'uwansa a sama. Yabon ya dace. Amma zanen da ke jikin ginshiƙan ya cancanci nasa nazarin. Ba shi da yawa, ba shi da ƙanana ƙananan kwalliya. Layuka ne masu zurfi a tsaye, da da'ira, da siffa mai kusurwa uku, manya manya, kuma a ƙarƙashin bakan akwai layuka a kwance.

Me ya sa gwanin da ya iya ɗaura irin wannan rufi ya taƙaita hannunsa haka? Amsar tana ga hasken ɗakin. Cikin ginin ƙasa mai kaurin bango, haske kaɗan ne, daga ƙofofi da 'yan tagogi ya ke shigowa. A irin wannan wuri ƙwayoyin ido masu rarrabe launi da ƙananan abubuwa suna raguwa da aiki, waɗanda ke ɗaukar nauyin gani sai su zama masu jin haske da duhu kawai, kuma ba su iya tantance abu siriri. Zane mai laushi da launi iri iri asara ne a nan, domin ba mai ganinsa. Abin da ke tsira shi ne babban layi mai zurfi, wanda hasken da ya zo daga gefe zai haska leɓensa guda ya bar ɗayan cikin duhu. Kowane rami da magini ya tona ya zama layi biyu, fari da baƙi kafaɗa da kafaɗa, irin abin da ƙwayoyin nan na ƙeya su ke jira. Ba za a ce Babban Gwani ya san sunan ƙwayoyin ba. Amma ya tsaya inda masallata za su tsaya, ya duba, ya rage abin da bai fito ba, ya zurfafa abin da ya fito. Wannan shi ne gwaji, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Akwai kuma wata hikima. Layukan tsaye na ginshiƙi suna jan ido sama, domin ido yana bin layi har inda ya ƙare. Idan ya kai ga baka, sai layukan kwance su riƙa tsayar da shi taki taki, yana ƙidaya su ba da saninsa ba, har rufin ya yi masa kamar ya fi yadda ya ke nisa. Zanen bai ɓoye ƙashin ginin ba, bayyana shi ya yi. A nan ne aikin ya fi yawancin na bayansa.

A bangon waje kuwa lissafin dabam ne. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, sabo da haka rana tana hawa sama ƙwarai. Ko a watan Disamba, sa'ad da ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana ya haura digiri 50. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma ta arewa ta ke bi. Hasken da ya sauko daga sama haka yana shafar bango ne a kaikaice, ta yadda ɗan tudun da bai wuce kaurin yatsa ba zai zubo da doguwar inuwa ƙarƙashinsa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗauka cewa haske daga sama ya ke zuwa. David Brewster ya yi bayanin haka a 1826, V. S. Ramachandran kuma ya sake tabbatar da shi da gwaji a 1988: da'irar da samanta ke da haske ƙasanta ke da duhu, tudu a ke ganinta; in an juya takardar, sai ta koma rami. Maginin Zariya yana aiki ne a ƙasar da rana ke cika wa ƙwaƙwalwa wannan zato kullum. Shi ya sa zanensa ke tsalle daga bango da hantsi, ya kwanta idan hazon hunturu ya baza haske ko'ina. Bango guda, fuska da yawa, gwargwadon sa'a da wata.

IV

Misali na biyu shi ne dagi, wannan ƙulli da ke jikin bango da riga da hula, wanda ya zama alamar Arewa. Duk wanda ya dube shi zai rantse cewa igiya ce guda, tana hawa bisa kanta a nan, tana nutsewa ƙarƙashin kanta a can. Amma a jikin bango babu abin da ya nutse. Magini ya katse layi ne kawai a gefen wani layin, ya ci gaba da shi a ɗaya gefen. Igiyar da ke ƙarƙashi ba ta cikin yumɓu, tana cikin kan mai kallo.

Max Wertheimer ya bayyana ƙa'idar wannan a 1923: idan guntayen layi biyu suka fuskanci juna a kan hanya guda, ba tare da karyewa ba, hankali yana ɗaukarsu abu guda. Ƙa'idar tana da amfani ga rayuwa, domin da ita mutum ke gane cewa macijin da kansa ke wannan gefen itace, wutsiyarsa ke wancan, maciji guda ne. To, a nan ne a ke gane gwani da ɗan koyo. Idan bakin layin da ya fito bai daidaita da wanda ya shiga ba, ko da da ɗan kaɗan ne, ƙullin ya warware, sai a ga tarkacen guntaye. Idan kuma aka saɓa jerin hawa da nutsewa, aka hau sau biyu a jere, ido yana tuntuɓe a wurin tun kafin mai shi ya san dalili. Ke nan akwai ma'aunin da za a ce wannan dagi ya yi, wancan bai yi ba, kuma ma'aunin ba son rai ba ne.

Wani abu kuma, wurin da ido ke gani tar ƙarami ne, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba in an miƙe hannu. Sabo da haka ido ba ya zama wuri guda, yana tsalle kamar sau 3 a cikin daƙiƙa guda, kamar yadda Alfred Yarbus ya nuna a littafinsa na 1965. Ba a ganin babban zane a kallo guda, bin sa a ke yi. Dagi mai kyau yana ba ido hanyar da ba ta da ƙarshe, duk inda ya kama sai ta zagayo da shi inda ya faro. Daɗin kallonsa daga nan ya ke.

V

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 aka kafa Sabon Gari, sai siminti da kwanon rufi da fentin gwangwani suka soma shigowa ta kantuna. A hankali suka canja aikin magina. A da, makuba da laso a ke shafawa don kare bango daga ruwa, launin kuwa na ƙasa ne, sai ɗan farar ƙasa. Da siminti ya samu, sai aka riƙa shafa shi bisa bangon ƙasa, a karce zane a jikinsa tun bai bushe ba, a cike tsakanin layukan da fenti. Sababbin siffofi ma suka shigo, irin su keke da mota da jirgin sama. A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta a kan waɗannan gidaje a farkon shekarun 1960, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da babban littafi a kansu a 2007.

Ba daidai ba ne a ce duk wannan lalacewa ce. Keken da aka zana a ƙofar gida shaida ce cewa sana'ar tana da rai, tana kallon zamaninta. Amma akwai asarar da ya kamata a faɗa. Layin da aka karce a siminti ba shi da zurfi, inuwarsa kaɗan ce. Nauyin fito da siffa ya tashi daga kan inuwa ya koma kan launi, shi kuwa launi ba kowane nauyi ya ke iya ɗauka ba. Margaret Livingstone, wadda ta yi aiki tare da Hubel, ta bayyana a littafinta na 2002 cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke tantance zurfi da wuri da motsi, da bambancin haske ya ke aiki, launi bai dame shi ba. Idan aka jera launi biyu masu ƙarfin haske ɗaya, kamar wani ja da wani kore, mutum zai ga sun bambanta, amma iyakarsu za ta riƙa rawa, ba za a san wanne ke gaba wanne ke baya ba. Ta kawo misalin zanen fitowar rana na Claude Monet na 1872, inda ranar da sararin da ke kewaye da ita ke da ƙarfin haske kusan ɗaya, shi ya sa ta ke kamar tana ƙyalli. Monet da gangan ya yi, don rawar ya ke nema. Amma dagi ba ya son rawa, domin ransa duka a kan sanin na sama da na ƙasa ya ke.

Duk wanda ya zaga Sabon Gari, ko unguwannin Samaru irin su Jama'a da Hayin Dogo, zai ga misalan duka biyu a ƙofofin gidaje da shaguna. Akwai inda mai fenti ya raba launukansa da farin layi ko baƙi, zanen ya fito tun daga nesa. Akwai inda ya jera shuɗi da ja da kore masu nauyi ɗaya, kusa ka ga ado, nesa ka ga damu. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗauki hoton bangon da wayar hannu, a mayar da shi baƙi da fari. In zanen ya tsira, mai shi ya san aikinsa. In ya ɓace, fenti aka sayar wa mai gida, ba zane ba.

Harshen kansa yana da abin cewa a nan. Brent Berlin da Paul Kay sun nuna a 1969 cewa harsuna suna fara raba launi ne da fari da baƙi, sa'an nan ja, kafin sauran. A Hausa waɗannan uku sun fi saura tushe da faɗin ma'ana. Baƙi ya haɗa har da rinin baba da ya nuna sosai, fari ya haɗa har da mutum mai hasken fata. Launuka da yawa kuwa aro ne daga abubuwa: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa. Ba a ce harshe ne ya hana Bahaushe ganin launi ba, ko kusa. Abin lura kawai shi ne, rabon farko da harshe ya yi, na haske da duhu, shi ne rabon da magini ya gina sana'arsa a kai. Haka ma masu ɗinkin hannu na Zariya, waɗanda kan yi wa farar riga aiki da farin zare ko da tsamiya. Ba launi ke fito da irin wannan aiki ba, tudun zare ne da ƙyallinsa.

VI

Daga birni sai a koma Samaru. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Koyarwar ta bi tsarin Ingila: a zana abu yadda ya ke bayyana daga wuri guda, na kusa babba, na nesa ƙarami, layuka suna haɗuwa a can ƙarshen gani. Wannan dabara a Italiya aka tsara ta, Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojinta a 1435. Dabara ce mai ƙarfi, ba mai musu. Kuskuren shi ne ɗaukarta a matsayin gani kansa. Tana ɗauka cewa mai kallo ido guda gare shi, kuma ba ya motsi, alhali mutum idanu biyu gare shi, ba sa kuma tsayawa.

Wannan kuskure ya haifi wani. A 1960 William Hudson ya nuna wa mutane a Afirka ta Kudu zanen maharbi da barewa da ƙaramar giwa a tsakaninsu, ya tambaye su wa maharbin ke hari. Da yawa daga waɗanda ba su yi makaranta ba suka amsa kamar duk abubuwan a layi guda su ke. Waɗansu suka ɗauki wannan hujjar cewa akwai naƙasa a ganin mutanen. Amma mutumin da ke harbin barewa a daji ba ya kuskuren nisa. Abin da bai koya ba shi ne karatun takarda, watau yarjejeniyar da masu zane suka yi cewa ƙanƙanta a takarda tana nufin nisa. Wanda bai iya karatun ajami ba, ba kurma ba ne.

A 1958 waɗansu ɗaliban wannan sashe, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun da aka koya a aji da fasahar gida. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da na bango na matan Ibo, wanda layi ne tsantsa, ya gina aikinsa a kai. Sun yi daidai, kuma tarihin zane a Nijeriya ya gaskata su. Darasin da aikinsu ya bari shi ne, abin da ya kamata a ɗauko daga fasahar gida ba siffa kaɗai ba ce, har da dabarar da ta haife ta. Mai zanen da ya kwafi dagi ya manna a kusurwar allonsa, ya ɗauki kalma ne ya bar nahawu. Wanda ya gane yadda magini ke sa inuwa aiki, zai iya amfani da sanin ko da bai zana dagi ko guda ba.

VII

Amma fa kada a zarce. Akwai masu cewa tun da an san yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, an gama bayanin fasaha. Babbar riga ta isa ta ƙaryata su. Ernst Mach ya lura tun ƙarni na 19 cewa ido yana saurin gane abin da damansa da hagunsa suka yi daidai, kuma fuskar gidan Hausa tana bin wannan, ƙofa a tsakiya, zanko a kowane gefe. Amma aikin aska takwas ba haka ya ke ba. Nauyinsa yana gefen hagu na mai sanye da rigar, wajen aljihu, askake suna zubowa ƙasa, a dama kuwa sai tambari shi kaɗai. Da ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukunci ita kaɗai, da ba a yi irin wannan riga ba, balle ta zama rigar manya. Maɗinki ya san ido yana neman daidaito, sai ya hana shi daidaiton siffa ya ba shi na nauyi: tsini da yawa a nan, da'ira guda a can. Ya yi wasa da zaton ido, bai yi masa biyayya ba.

Nan ma ilmin harshe ya ba da misali. Baki da kunne iri ɗaya ne ga dukan 'yan Adam, su ne suka iyakance sautukan da harshe zai iya amfani da su. Amma ba su ne suka zaɓa wa Hausa ɓ da ɗ da ƙ ba, ba su ne kuma suka tsara wa mawaƙi waƙarsa ba. Haka ido da ƙwaƙwalwa: sun kafa iyaka, sun ba da kayan aiki. Abin da ya sa ginshiƙin masallaci ya zama layi da da'ira ba siffar mutum ba, addini ne. Abin da ya sa attajiri ya so keke a ƙofarsa, zamani ne da neman suna. Ilmin gani yana faɗin dalilin da ya sa zane ya fito ko ya ɓace. Ba ya faɗin abin da zanen ke nufi ga masu shi.

VIII

Abin da ya rage shi ne na malaman kwalejojin horon malamai, domin ta hannunsu wannan magana za ta kai ga yara. Abu uku sun isa a fara da su. Na farko, a kai ɗalibai gaban bango guda mai zanen tudu sau uku a yini, da hantsi da azahar da la'asar, su zana inuwar kaɗai, kada su zana tudun. Na biyu, a ba su hoton zanen su juya shi sama a ƙasa, su faɗi abin da ya faru da tudu da rami, sa'an nan a tambaye su me zai sami tsohon bango in an kafa masa fitila daga ƙasa. Na uku, kowa ya zana dagi, ya ɓata mahaɗa guda da gangan, ya ba ɗan'uwansa ya nemo ta. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi.

Ɗalibin da ya yi wannan ba zai ƙara cewa aikin magina ado ne kawai ba. In kuma wata rana aka ɗora masa gyaran tsohon soro, zai yi tunani kafin ya cike ramukan zanensa da siminti, ko ya shafe shi da fenti mai ƙyalli, ko ya haska shi ta ko'ina har inuwa ta rasa wurin zama. Ginin ƙasa ruwan sama ne ke cinsa, wannan kowa ya sani, kuma ana iya yaɓe shi kowace shekara. Amma zanen da aka raba da inuwarsa ya mutu ko da bangon yana tsaye, kuma ba damina ce ta kashe shi ba, mai gyara ne.